Hayar katafila: wa ke duba lissafin?



Hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas ita ce jijiyar arzikinmu. Ta kanta geronmu da bisashen Belbeji ke isa kasuwa. Amma kowace kwangilar hanya tana ƙunshe da kuɗin hayar katafila, wanda ake lissafawa da yini. Tun karyewar darajar sefa a 1994, tsadar kayan gyara ta zama mafakar masu tsawwalawa. Muddin gwamnati ba ta tsai da farashi ba, ba ta kuma aiko mai ƙirga kwanakin aiki ba, za a biya hayar injin da ke kwance. Bashin kuwa, talaka ke biya. Mu nemi a liƙa farashin a ofishin perefe, kowa ya gani.