Jawabi Kan Zafin Bene Da Kuɗin Wuta

Iyayenmu dattawa, malamai, da 'yan'uwa da suka zo ganin gida daga Ikko, Badun da Fatakwal, barkanku da zuwa Izom.

Mu mutanen Jihar Neja mun san inda wuta take fitowa. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, ta Shiroro kuma a 1990. A nan Izom ma an kafa tashar tura ɗanyen mai a kan bututun da aka ja daga Warri zuwa matatar Kaduna. Saboda haka muna da bakin magana game da yadda ake ɓarnar wannan arziki a dogayen benaye na birane, irin su rukunin gidaje na 1004 da ke Ikko, inda da yawa daga cikinmu suke haya, ko gadi, ko aikin injin.

Bene na siminti da gilashi yana shan rana tun safe, musamman hawa na ƙarshe da bangon yamma, sa'an nan ya riƙa sakin zafin cikin dare. Sai a kunna na'urar sanyaya ɗaki. In aka ɗauke wuta, sai janareto ya ɗauki nauyinta, tare da na lif da famfon tura ruwa sama. Kuɗin man yana komawa kan ɗan haya, hayaƙin kuwa yana ƙara ɗumamar duniya. Gine-gine da aikin gina su su ne ke fitar da kimanin sulusin hayaƙin kabon da makamashi ke jawowa a duniya.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Ginin ƙasa mai kaurin bango da ƙananan tagogi yana hana zafi shiga tun farko, rigakafi kuwa ya fi magani. Ƙa'idar tsimin wuta a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 a kan wannan hanya ta tafi: a rage faɗin gilashi ko a yi masa inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a yi amfani da fitilu da na'urori marasa cin wuta. Nijeriya kuma ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060.

To, mene ne namu? Ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, sai a canza. A sauke labule a tagar yamma kafin azahar. 'Yan haya su haɗa kai su nemi mai gida ya shafa wa rufi farin fenti, ya kuma sa wa kowane gida mitarsa. Wanda Allah ya hore wa yin gini a Suleja ko kusa da Abuja, ya tambayi mai zane ina rana za ta bugi ginin kafin a haƙa harsashi.

Allah ya mayar da ku wuraren sana'arku lafiya.