Abin da Ƙasa Ta Sha, Rijiya Ce Ke Mayar Mana da Shi

Iyayenmu mata da iyayenmu maza, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, na wannan gefen iyaka da na wancan.

Daga Jibiya zuwa Maradi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, da wuya a sami kasuwar da babu mai sayar da fetur, ko esansi kamar yadda ake ce masa a Nijar. Kusa da shi ga makaniki yana wanke inji, ga mai fenti da gwangwanin tina. In yamma ta yi sai a tara ragowar fetur da baƙin mai da tina a kwano ɗaya, a watsa bayan rumfa. Kafin gari ya waye wurin ya bushe, sai mu ɗauka ƙasa ta shanye, magana ta ƙare. To, a nan maganar ta fara.

Rairayi ba ya riƙe mai. Abin da rana ba ta busar ba yana tsiyaya ƙasa sannu a hankali har ya tarar da ruwan da rijiyoyinmu ke samu. Fetur da kananzir da dizal ba su kai ruwa nauyi ba, don haka sai su kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. Wasu sinadaran wanke ƙarfe da cire maiƙo kuwa sun fi ruwa nauyi. Su nutsewa suke yi kamar zuma a kofin ruwa, su je su laɓe a ƙasan da guga ba ya kaiwa.

An ce mai da ruwa ba sa haɗuwa. A ido gaskiya ne. Amma fetur tarin sinadarai ne masu yawa, kuma kowanne yana sakin ɗan rabonsa cikin ruwa gwargwadon yawansa a haɗin da kuma saurin narkewarsa. Masu saurin narkewa su ke fara shiga, masu nauyin jiki su biyo baya. Man da ya maƙale a ƙasa kamar dunƙulen kanwa ne a gindin randa: ba ya narkewa rana ɗaya, amma duk ruwan da aka zuba sai ya ɗauki ɗanɗanonsa. Kowace damina ruwan ƙasa yana tasowa, ya taɓa man, ya ɗebi wani kaso, ya gangara da shi zuwa rijiyar maƙwabci. Haka za a yi ta yi shekaru bayan an tashi rumfar.

Haɗa su wuri ɗaya kuma yana ƙara ɓarna. A cikin tina akwai sinadaran da ke gauraya da ruwa gaba ɗaya, kuma suna narkar da mai. Idan suka yi yawa sai su zama 'yan rakiya, su riƙo hannun man su shigar da shi ruwa fiye da yadda zai shiga shi kaɗai. Haka nan sinadari mai nauyi idan ya yi yawa a haɗin, yana iya jan fetur ɗin su nutse tare.

Wanda ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne sinadarin benzin, domin an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Mu yi lissafin kasuwa. Idan kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne, abin da ke cikin lita ɗaya tak, in duk ya narke, ya isa ya kai ruwa fiye da lita 800,000 wannan iyaka. Wato jarka mai lita 25 sama da 30,000. Kuma hanci ba ya jin sa a wannan mizani, harshe ma haka.

Wannan ya taɓa faruwa. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni a kudancin Najeriya. A Nisisioken Ogale ta tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da benzin ɗinsa ya ninka iyakar fiye da sau 900, ga tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙasa. Namu bai kai girman nasu ba, amma hanyar da gubar ke bi ɗaya ce.

Iyayenmu mata, alif da kulorin da tacewa da ƙyalle ba sa cire wannan guba. Tafasawa kuwa tana tura ta cikin iskar da ke madafa, ku da yara ku shaƙa. Idan kuka ji warin mai, ko kuka ga sheƙi mai launin bakan gizo a kan ruwa, a daina sha da girki da wankan jarirai da shi, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan lafiya don a gwada. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur kada ta koma ta ruwa.

'Yan'uwa masu sana'a, ku daɓe wurin aiki da siminti, ku sa tasa ƙarƙashin mazurari. Ku tara baƙin mai daban, tina daban, a rufaffen mazubi. Kada a zuba su a masai ko kwata ko tsohuwar rijiya, domin wannan kai tsaye ne zuwa ruwa. In ya zube, a barbaɗa rairayi a kwashe nan take. A kuma nisanta gangunan mai daga bakin rijiya.

Tun ran gini, ran zane. Buhun siminti ya fi haƙa sabuwar rijiya araha, kuma ruwan da ke ƙarƙashin rumfarka shi ne 'ya'yanka za su sha in ka koma gida.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.