Wasiƙar Ford da Man Abacha: Jawabi ga Matasan Ɓangarenmu a Kawo

 

Tun da rikicin jam'iyyarmu ya ɓarke, kullum sai na ji wani yana cewa mu kai ƙara ofishin jakadancin Amurka a Abuja, wai in suka sa baki an gama. To, kafin mu tara kuɗin mota, bari mu waiwayi tarihi kaɗan.

Duk wanda ke zaune a Kaduna ya san dandalin Murtala. Amma matasa nawa suka san abin da mai sunan ya yi? A 1975 Angola ta samu 'yanci daga Fotugal, yaƙi ya kaure. Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka mara wa FNLA da UNITA baya. Najeriya ta amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto. Sai Shugaba Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da ya kamata su ɗauka. Gwamnatin Janar Murtala ta fitar da wasiƙar kowa ya karanta, ta kira ta cin fuska. A Janairun 1976 Murtala ya tsaya a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa, ya ce nahiyar ta girma, ba ta karɓar umarni daga waje. Bayan rasuwarsa ma, gwamnatin Obasanjo ta ƙi karɓar baƙuncin Henry Kissinger.

Me ya biyo baya? Amurka ta ɗaure mu ne? A'a. Jimmy Carter ya hau mulki a 1977, ya canja salo, kuma a ƙarshen Maris 1978 ya sauka Legas da kansa. Wasu za su ce ai Carter mutumin kirki ne, mai rajin kare haƙƙin ɗan'adam. Ban musa ba. Amma ku tuna fa, a lokacin in ka cire Saudiyya, babu ƙasar da ta kai Najeriya sayar wa Amurka ɗanyen mai. Muna da abin hannu, kuma mun tsaya a kan magana ɗaya. Shi ya kawo shi.

Yanzu mu juya kwaryar. A Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Bill Clinton ya kira jakadansa Walter Carrington gida, ya ƙara tsananta hana manyan gwamnati biza, ya hana sayar mana da makamai. Nelson Mandela ya nemi a daina sayen man Najeriya gaba ɗaya. Clinton bai yarda ba. Jiragen ruwa suka ci gaba da lodi. Waɗanda suka sa rai Washington za ta kawo musu dimokuraɗiyya sun sha jira har 1998, kuma ba ita ta kawo ƙarshen mulkin ba.

Kun ga dai: Ford ɗan Rifablikan, Carter da Clinton 'yan Dimokurat, kowa da halinsa. Halin shugaba yana canja murya, gaskiya ne, amma lissafin mai da tsaro shi ke yanke hukunci. Ba laifinsu ba ne, ƙasarsu suke yi wa aiki. In ran Saro-Wiwa bai tsayar da jirgin mai ba, rikicin shugabancin jam'iyya ne zai hana su barci?

Don haka shawarata: kuɗin da za a kashe zuwa Abuja, a kashe shi a mazaɓu. A shiga Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Hayin Banki, a sabunta rajistar 'yan jam'iyya gida-gida. A tattara takardun zaɓen shugabannin mazaɓu, a ba lauya ya adana. Ranar da kuke da jama'a da hujja, masu sa ido na waje da kansu za su nemi lambarku.

Allah Ya jiƙan Murtala, Ya ba mu haƙurin yin aikin.