Ƙaya Cikin Jiki: Ciwon Da Ya Ƙi Tafiya

Karatunmu na yau yana cikin 2 Korintiyawa 12:7-10.

A gidajenmu da yawa akwai mai fama da ciwon baya ko na gwiwa da ya ƙi tafiya. Baba ya tsufa a kan fartanya, mama ta yi shekaru tana ɗaukar itace. Ciwon da ya wuce wata 3, likitoci suna ce da shi ciwo mai daɗewa. Abin da muka saba shi ne mu aiki yaro kemis. Yau ƙwaya ɗaya, gobe biyu, har wani ya faɗa hannun tramol, ciwon kuwa yana nan.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kan ciwon baya mai daɗewa. Ta ce a guji ƙwayoyi dangin tramol. Cikin abubuwan da ta amince da su akwai motsa jiki da zama da masanin tunanin ɗan adam. Don me? Domin tsoro da damuwa da rashin barci suna ƙara wa ciwo ƙarfi. Mai tsoro yakan daina motsi, jiki ya sandare, ciwo ya ƙaru. Masanin yana koya wa mutum ya kama tunanin da ke karya masa zuciya, ya kuma raba aikinsa kaɗan kaɗan. Bincike ya nuna wannan ya ɗan fi kulawar da aka saba, ko da yake ba ya kawar da ciwon duka. Zuwa wurinsa ba alamar hauka ba ce, ba kuwa rashin bangaskiya ba.

Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar. Ba a cire ba, amma an ba shi alherin da ya ishe shi, ya ci gaba da aikin bishara. Saboda haka kada mu ce wa mai ciwo zunubinsa ne, kamar yadda abokan Ayuba suka yi. Mu raka shi asibiti, mu zauna da shi, mu saurare shi. Zumuntar mata da matasa, ku taya shi noma.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka taɓa bayinka masu ciwo, ka ba su barci mai daɗi da ƙarfin zuciya. Cikin sunan Yesu, Amin.