Lambar Shekaru a Jikin Wasannin Gem: Jawabi ga Iyaye da Dattawan Ikkilisiya a Guri

Maganarmu ta yau a kan wasannin gem ce, waɗanda yaranmu ke bugawa a waya da gidajen gem, nan Guri da can Haɗejiya. Yawancinmu ba mu taɓa buga su ba, amma kuɗin daga aljihunmu yake fita, ko daga ɗan abin da yaro ya samo a aikin shinkafa a fadama.

Ya kamata mu sani cewa manyan wasannin nan suna da lambar shekaru. A shekarar 1993 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan wasanni irin su Mortal Kombat, inda ake nuna jini da cire kai. Don gudun kada gwamnati ta kafa musu doka, kamfanonin suka kafa hukumar ESRB a 1994. Alamominta haruffa ne: E na kowa, T daga shekara 13, M daga 17, AO na manya zalla. Turai kuma ta kawo PEGI a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18, tare da ƙananan hotuna: dunƙulallen hannu yana nufin faɗa, gizo-gizo abin tsoro, allura miyagun ƙwayoyi.

To yaya ake tantancewa? Kamfani ne ke cika takardar tambayoyi a kan abin da ke cikin wasansa: kisa, zagi, tsiraici, caca. A ESRB, sai ya haɗa da bidiyon wuraren da suka fi muni, masu tantancewa aƙalla uku su kalla, su yanke hukunci. Ke nan aikin ya dogara ga gaskiyar mai kaya. A 2005 aka gano wani ɓoyayyen wurin batsa cikin GTA San Andreas, aka ɗaga shi daga M zuwa AO, manyan kantuna suka sauke shi har sai da aka gyara. Ko bayan gyaran, 18 PEGI ta ba shi, kuma shi ne GTA ɗin da ƙananan yara ke rububi a gidajen gem.

Wasannin waya sun yi yawa, ba a iya kallon kowanne. Shi ya sa a 2013 hukumomin suka haɗu suka kafa IARC. Mai wasa ya amsa tambayoyi, na'ura ta fitar da lamba, ita ce 3+ ko 12+ ko 18+ da muke gani a Play Store.

Ga inda matsalarmu take. A Nijeriya mun saba ganin lambar 18 a fina-finai, aikin hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993. Amma gem yakan iso mana ba kwali: an tura ta Xender, ko an zuba a memori wajen mai cajin waya. Kafin wasan ya iso Guri, lambar ta faɗi a hanya. Mai gidan gem kuwa kuɗi yake karɓa, ba ya tambayar shekaru.

Kuma lambar ba ta faɗin kome da kome. Ba ta auna hirar da yaro ke yi da baƙi ta intanet cikin wasa. FIFA 23 lamba 3 aka ba shi, amma a ciki an riƙa sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi, ba a san abin da za a samu ba sai an buɗe. Wannan ƙanin caca ne.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, mu tambayi yaro sunan wasan, mu sa wani matashin ikkilisiya ya duba mana lambarsa a intanet. Na biyu, mu zauna mu kalla tare da shi, ko na minti goma ne. Na uku, dattawa su je wajen masu gidajen gem cikin girmamawa, tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin 'ya'yanmu da nasu benci ɗaya suke zama, a roƙe su su daina kunna wa ƙananan yara wasannin 18. Ba hana wasa muke nufi ba. Ƙwallo da tseren mota suna nan.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Amin.