Idan Mai Dokar Barci Ya Ɓige Da Gyangyaɗi: Yadda Manyan Ma'aikatu Ke Yi Da Ƙarar Lalata A Kan Shugabanninsu

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ma'aikata da ɗalibai da iyayen yara na yankin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. 

 

'Yan'uwa maza da mata, maganar yau magana ce mai nauyi a baki, amma rashin yin ta ya fi yin ta ɓarna. Ita ce maganar shugaba a wajen aiki wanda zai yi amfani da kujerarsa ya nemi na ƙasa da shi da lalata, ko ya dame ta da maganganun banza da taɓe-taɓe, in ta ƙi kuma ya tsare mata ƙarin girma ko sakamakon jarrabawa. Idan masinja ko direba ya yi haka, kafin la'asar an ba shi takardar kora. To amma idan mai sa hannu a takardar korar shi ake ƙara fa, ina za a kai kuka?

Wannan tambaya ta shafi yankin nan kai tsaye. Aliero da aka sani da albasa yau garin jami'a ne, tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a shekarar 2006. Jega na da Kwalejin Kimiyyar Lafiya. Maiyama da sauran ƙananan hukumomi suna da sakatariya da asibitoci da makarantu. A nan ne 'ya'yan talakawa suke karatu, a nan suke cin abinci, kuma mata suna ta ƙaruwa a cikinsu, malaman jinya da ungozoma da malaman makaranta da akawu. Jawabin nan bai ɗora wa kowa laifi a waɗannan wurare ba. Abin da ake so shi ne a ga abin da ya faru a wasu wurare, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

HANYOYIN DA AKE BI A BINNE ƘARA

Wanda ya bibiyi irin waɗannan ƙararraki zai ga cewa babbar ma'aikata, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, abin da take fara karewa shi ne sunanta. Tun da kuwa sunan shugaba a haɗe yake da nata, sai kare suna ya koma kare shugaba.

Hanya ta farko ita ce a kawar da mai ƙara. A kamfanin Microsoft reshen Nijeriya wata ma'aikaciya ta koka cewa babban manajan kamfanin na ƙasa yana damun ta da taɓe-taɓe. Ƙarshenta ita aka sallama daga aiki. Ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Legas, wadda a watan Disamba 2013 ta yanke hukuncin cewa an ci zarafinta, kuma sallamar ramuwar gayya ce. Kotun ta umarci manajan, da reshen Nijeriya, da uwar kamfanin ta Amurka, kowanne ya biya ta diyyar Naira miliyan 13 da ɗoriya. Darasin wannan hukunci shi ne cewa ma'aikata ba ta da ikon cewa ruwan mutum ɗaya ne. In ta bar ma'aikacinta ba kariya, ita ma ta shiga cikin laifin.

Hanya ta biyu ita ce a sallami shugaban cikin mutunci, a rufe bakin kowa. A kamfanin Google an kai ƙarar wani babban jami'i mai suna Andy Rubin. Ya bar aiki a 2014 ana ta yabon sa. Sai a watan Oktoba 2018 jaridar New York Times ta tona cewa kamfanin ya ga ƙarar tana da ƙamshin gaskiya, amma ya sallame shi da Dalar Amurka miliyan 90. Shi dai Rubin ya musanta zargin. Ranar 1 ga Nuwamba 2018 ma'aikatan kamfanin kimanin 20,000 a ƙasashe daban-daban suka fice daga ofisoshinsu don nuna fushi. Kwatankwacin wannan a aikin gwamnati shi ne canjin wajen aiki. Sai a ɗauke mutum daga wannan asibiti a kai shi wancan, fayil ɗinsa fes, ya je ya ɗora daga inda ya tsaya a kan wasu 'ya'yan mutane.

Hanya ta uku ita ce a bar ƙarar a hannun wanda ake ƙara, ko a hannun yaransa. A farkon shekarar 2025 Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta zargi Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, da neman ta. Ya musanta. Kwamitin ladabtarwa na majalisar ya yi watsi da takardar kokenta a kan cewa ba ta bi ƙa'ida ba, sannan ranar 6 ga Maris aka dakatar da ita na wata 6, a zaman da shi wanda take ƙara ya shugabanta. Majalisar ta ce dakatarwar saboda saɓa dokokin zaure ne a rigimar kujera. Jawabin nan ba zai yanke hukunci tsakaninsu ba. Sai dai ko da gaskiyar tana wajen shugaban, an rasa hanyar da jama'a za su gamsu da ita, domin Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama, haka nan ba a sa mutum alƙalancin shari'ar da shi ake ƙara a ciki.

Hanya ta huɗu ita ce jan ƙafa har maganar ta mutu. A Jami'ar Kalaba an zargi Farfesa Cyril Ndifon, shugaban tsangayar koyon aikin lauya, tun a 2015. An dakatar da shi, daga baya ya dawo, har ya sake hawa kujerar. Sai a watan Agusta 2023, da ɗalibai mata suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a idon duniya, aka sake dakatar da shi, Hukumar ICPC ta gurfanar da shi. A watan Nuwamba 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara 5. Mai hankali ya lissafa yawan ɗaliban da suka bi ta ƙarƙashin wannan ofis a tsawon shekara 8 da ke tsakanin ƙarar farko da zanga-zangar.

A lura da abu guda. Inda aka ɗauki mataki da sauri, galibi sai da asiri ya tonu a waje. Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, muryarsa ɗaliba ta naɗa ta bazu a 2018, jami'a ta kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2 a wannan shekarar. Malaman Jami'ar Legas kuwa sai da BBC ta ɗauke su da ɓoyayyar kyamara a 2019. Yarinya daga ƙauyen Maiyama da ta sami aikin share-share a asibiti da kyar, ina za ta samo ɓoyayyar kyamara?

ABIN DA YA SA MATA SUKE YIN SHIRU

A ƙasar Hausa nauyin ya ninka. Macen da ta buɗe baki, ita ake fara tuhuma: me ya kai ta ofishinsa, wane irin tufafi ta sa. In budurwa ce, manema su janye. In matar aure ce, mai yiwuwa mijin ya ce ta bar aikin baki ɗaya. Iyaye su ce a yi haƙuri, a bar wa Allah, mutumin nan babba ne, shi ya sama wa ƙanenki aiki. Dattawa su shiga a yi sulhu a zaure, a ba da haƙuri, magana ta ƙare. Wanda ya ci ribar wannan rufin asiri shi ne mai laifi, ita kuwa gobe da safe teburinsa za ta kai fayil.

Wannan hali daɗaɗɗe ne. A ƙissar Annabi Yusufu (AS), uwargidan babban gida ce ta nemi yaron gidan. Shaida ta fito ƙarara a jikin riga, maigidan ya gane gaskiya, amma ya nemi a bar maganar. Da surutu ya yi yawa a gari, wanda aka zalunta shi aka kai kurkuku. Ƙissar tana kuma nuna cewa namiji ma ana cin zarafinsa, kuma ana yi wa mutumin kirki ƙazafi. Saboda haka adalci dole ya kare ɓangarorin biyu.

Toshe hanyar koke kuma yana da nasa haɗari. Mutanen Jega ba su manta da watan Oktoba 2024 ba, lokacin da ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya suka yi bore a kan zargin karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, suka ƙone gidan shugaban kwalejin, aka rufe makarantar. Shugaban ya musanta zargin, kuma ƙone-ƙone ɓarna ce da ba ta da uzuri. Wannan ba ƙarar lalata ba ce, amma ta nuna abin da ke biyo baya idan na ƙasa suka yanke ƙauna cewa akwai wanda zai saurari ƙorafinsu a kan na sama.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, kowace jami'a da kwaleji da asibiti da sakatariya ta rubuta dokarta a kan wannan laifi, da Hausa da Turanci, a manna a allon sanarwa, a karanta wa sabon ɗalibi da sabon ma'aikaci.

Na biyu, a sami ƙofar kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin shugaba ba. In shugaban jami'a ko na kwaleji ake ƙara, takarda ta tafi ga majalisar gudanarwa. In babban jami'in ƙaramar hukuma ne, ta tafi Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi a Birnin Kebbi. Kuma a sa mata masu mutunci cikin masu karɓar ƙarar, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba.

Na uku, wanda ake ƙara ya sauka gefe har a gama bincike. Wannan ba hukunci ba ne. Da mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA), Halifa Umar (RA) ya janye shi, ya aika aka bi masallatan garin ana tambayar jama'a, daga baya kuma ya bayyana cewa bai cire shi don ha'inci ko gazawa ba. In an yi haka ga sahabi, babu darakta ko farfesan da ya fi ƙarfin ya ba da wuri na 'yan makonni.

Na huɗu, masu bincike su kasance waɗanda ƙarin girmansu ba ya hannunsa, a yanka musu wa'adi, a saurari kowa, a sanar da sakamako. In ƙazafi ne, a wanke shi a fili, a hukunta mai ƙazafin. In gaskiya ce, a kore shi, a rubuta dalili a fayil, a miƙa shi ga hukuma.

Na biyar, kada a taɓa mai ƙara ko shaidunta da canjin wajen aiki ko takardar tuhuma yayin da ake bincike.

Ga wadda abin ya sama kuwa, ta rubuta rana da lokaci da wuri, ta adana saƙonnin waya, ta gaya wa wani amintacce tun da wuri, ta kai ƙara a rubuce ta riƙe kwafe. Doka tana bayanta. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ikon sauraren ƙarar cin zarafi a wajen aiki. Akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda Jihar Kebbi ta yi irin tata a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022. Hukumar ICPC tana ɗaukar wannan laifi a matsayin amfani da muƙami don biyan buƙatar kai, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

A ƙarshe, kira ga iyaye da mazaje da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata: idan 'yarku ko matarku ko 'yar ƙungiyarku ta zo da irin wannan kuka, ku fara da sauraren ta, sannan ku raka ta inda za ta kai ƙara. Mace ɗaya tilo ana iya tsorata ta, amma ana shakkar wadda mahaifinta ko mijinta ya zauna kusa da ita a gaban kwamiti.

Allah ya tsare mutuncin kowa, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.