A Gyara Gida Kafin Majinyaci Ya Dawo: Jawabi Kan Jinyar Wanda Aka Sauya wa Kwatangwalo

 

Zan fara da abin da na gani da idona. A wani ƙauye inda muka yi aikin rijiya, wata mama ta faɗi a hanyar rafi, ƙashin cinyarta ya karye daga can sama. 'Ya'yanta suka sayar da shanun noma, ekklesiya ta yi baiko na musamman, aka kai ta asibiti a birni aka sa mata sabon kwatangwalo. Aiki ya yi kyau. Kwana 10 da dawowarta gida, ta shiga masai ta tsuguna kamar yadda ta saba. Nan take gaɓar ta goce. Dole aka sake neman mota, aka sake neman kuɗi. Likita ya yi nasa, mama ba ta yi ganganci ba. Gidan ne ba a shirya ba.

Mene ne wannan aiki?

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Idan wurin ya lalace, likita yakan cire shi ya sa na ƙarfe ko na tangaran, da gurbi mai shimfiɗar roba mai ƙarfi. Wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya kafa hanyar da ake bi yau, a shekarar 1962. A nan ƙasarmu ana yin aikin a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da wasu manyan asibitoci. Abubuwa uku ne suka fi kai mutanenmu ga wannan aiki: karaya a wurin tsofaffi, amosanin gaɓɓai, da ciwon sikila, wanda yakan hana jini isa kan ƙashin har ya mutu, ko da mutum yana matashi.

Sabon kwatangwalo yana daɗewa. Fiye da rabi sukan kai shekara 25. Amma a mako 6 zuwa 12 na farko naman da ke riƙe da shi bai gama warkewa ba, kuma a lokacin ne ya fi saurin gocewa. Dokokin da likitoci suka fi bayarwa su ne: kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo in an zauna, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa jiki alhali ƙafar tana kafe a ƙasa. Dokokin sukan bambanta bisa ga ta inda aka yanka, ta gaba ko ta baya. Saboda haka kafin a sallame ku, ku tambayi likita abin da ya hana da tsawon lokacin, wani ya rubuta a takarda.

To, ku duba zamanmu na ƙauye. A tabarma muke kwana, a kujera 'yar tsugunno muke girki, a tsugune muke wanka da bayan gida. Duk abin da likita ya hana, shi ne abin da muke yi tun safe har dare. Shi ya sa aikinmu na farko shi ne ɗaga abubuwa uku daga ƙasa.

Abubuwa uku da za a ɗaga

Kafin a tafi asibiti, a sa mai ciwon ya tsaya, a ɗauki kara a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa, a ƙara faɗin tafin hannu, a yanke karan a nan. Wannan kara shi ne ma'auninku. Ga yawancin manya yakan kama inci 18 zuwa 20 ko fiye. Idan ciwon karaya ne ba ya iya tsayuwa, a auna lafiyayyar ƙafar yana kwance.

Na ɗaya, gado. Ban da tabarma, ban da katifa a ƙasa. A nemi gado, ko da aro ne, a sa bulo ko kututture a ƙarƙashin ƙafafunsa har ya kai tsawon karan, a tabbata ba ya girgiɗi. Idan katifar tana lotsawa, a shimfiɗa katako a ƙarƙashinta. A tanadi matashin kai da za a riƙa sawa tsakanin ƙafafu lokacin barci.

Na biyu, kujera. A samo mai tauri, mai wurin jingina da wurin dafa hannu. Kujerar kushin mai nutsewa ba ta yi ba, benci gajere ma bai yi ba.

Na uku, masai. A nan aka fi samun hatsari. A kai wa kafinta kujerar katako mai ƙarfi ya huda tsakiyarta, ya sa mata hannuwa. Da rana a ɗora ta bisa bakin masai, in ƙasan wurin tana da ƙwari kuma a daidaice take. Da dare a ajiye ta kusa da gado, da bokiti mai murfi a ƙarƙashi. Wajen wanka ma a zauna bisa doguwar kujera, a ɗora bokitin ruwa bisa wani abu don kada a sunkuya.

Hanyar tafiya a cikin gida

Majinyaci zai dawo da sandunan dogarawa ko ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu. Matasa, wannan naku ne. Ku bi hanyar daga ɗaki zuwa masai da zuwa inuwar da zai riƙa zama. Ku cike ramuka, ku kwashe duwatsu, itace da igiyoyi, ku tone turakun da ba a amfani da su. Inda ruwan wanka ke kwanciya, a yi masa magudana a zuba tsakuwa. Idan dokin ƙofa yana da tsawo, a kafa itace mai ƙarfi a gefe don kamawa. A ɗaure awaki da kare, a ja wa yara kunne. A ajiye tocila kusa da gado. Silifa yana zamewa, a nemi takalmi mai riƙe diddige. Kofi, magani, waya da tufafi a ɗora su bisa tebur inda hannu zai kai.

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, ku roƙi a sa ranar bayan girbi. A rani hanya tana biyuwa, tsakar gida a bushe take, akwai kuma masu hannu a gida. Ranar dawowa, ban da babur. A zaunar da shi a gaban mota, a tura kujerar baya, a sa matashi, a riƙa tsayawa a hanya yana miƙe ƙafa.

Jinya ta yau da kullum

Kada ƙauna ta sa mu kwantar da mutum yini guda. Tun ranar aikin ko washegari ake tayar da shi ya taka a asibiti. Kwanciya da yawa tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma wannan yana iya kisa. Ya riƙa ɗan tafiya sau da yawa a rana, yana motsa idon sawu sama da ƙasa, yana yin motsa jikin da aka koya masa. Maganin hana daskarewar jini, wanda akan bayar har mako 4 zuwa 5, a sha shi har ƙarshe. Kada a haɗa shi da jiƙo ko ƙwayar ciwon jiki daga kemis sai an tambayi likita, gama wasu suna jawo zubar jini.

Miki ya zauna a bushe, da tsabta. Ban da toka, man kaɗe ko ganye. Akan cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. A ba shi wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da zogale, da ruwa mai yawa, musamman mai sikila. Mai shan taba ya bari, tana jinkirta warkewa. Daka, ɗaukar ruwa a ka da noma da fartanya su jira sai likita ya yarda.

Alamun da ba a kwana da su

A koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi tare da miki mai ja, zafi ko ruwa, kumburi da ciwo a sha-raɓa, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, ko zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarta ko ta juya. Wannan na ƙarshe gocewa ce. Ina girmama masu ɗori, amma ƙarfe ba ya ɗoruwa, jan ƙafar kuma yana iya karya ƙashin da ke riƙe da shi. Tun yanzu a ajiye lambar mai mota da ɗan kuɗin mai.

A ƙarshe, jinyar wata biyu ko uku ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sau da yawa matar gida ko 'ya mace ake bar wa ita har ita ma ta kwanta. Zumuntar mata su raba kwanaki na girki da ɗebo ruwa, maza su yi gayya a gonarsa. Ranar da zai fara zuwa sujada, a kawo masa doguwar kujerarsa, kada a sa shi durƙusawa. Ina kuma ba da shawara kowace ekklesiya ta sa kafinta ya yi kujerar masai ɗaya da doguwar kujera ɗaya, a ajiye don aro. Kuɗinsu bai kai na tafiya ɗaya zuwa asibiti ba.

Maman da na ba ku labarinta, da ta dawo karo na biyu ta tarar an gyara gida. Yau da ƙafarta take zuwa kasuwa. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya.